SAUYA SANA'A SAI DA UBANGIDA: DARASI DAGA NASARAWA GWOM



Maganar yau ta shafi magidancin da sana'arsa ta mutu a hannunsa, ga iyali suna jiran cefane. Ran 1 ga watan Yuni, 2022, Gwamnatin Jihar Ikko ta hana achaba a ƙananan hukumomi shida, cikinsu har da Ikeja da Apapa da Surulere. 'Yan Arewa da yawa suka wayi gari ba abin yi.

Mutanen Nasarawa Gwom, watau wata babbar unguwa a cikin garin Jos, sun daɗe da sanin ɗacin irin wannan rana, gama tun 2012 aka hana achaba a Jos da Bukuru. Kafin nan ma iyayensu sun ga mutuwar kuza, wadda ta jawo Hausawa zuwa Filato tun farkon zamanin Turawa. Haƙarta ta yi ta raguwa, har farashinta ya karye a kasuwar London cikin 1985. Leburan da ba shi da komai sai diga da kwano ya rasa madafa. Amma wanda ya zauna gindin wani gwani ya koyi gyaran famfo, ko walda, ko aikin lantarki, sai ya ɗauki akwatin kayansa ya buɗe shago. Bambancinsu ba ƙarfi ba ne, wani ya sami mai koya masa, wani bai samu ba.

To, tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya cikin 2001, wata ƙofa ta buɗe. Gyaran waya da kwamfuta ba ya bukatar digiri. Abin da yake bukata shi ne mutum ya iya karanta boko gwargwado, ya san amfani da mitar gwada wuta, ya iya sauya gilashi da batir da wurin caji, sa'an nan ya kai ga liƙi da dalma da sa manhaja. Duk waɗannan a kan teburin maigida ake koyonsu, da kallo da tambaya da haƙuri. Mazauna Ikko kuwa ga kasuwar Computer Village a Ikeja kusa da su.

Wanda ya gama sakandare yana iya wuce nan. A Jos akwai cibiyar nHub inda matasa ke koyon rubuta manhaja, kuma cikin 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan 3. Har wa yau, hedkwatar hukumar ITF, wadda aka kafa cikin 1971 domin horar da ma'aikata, a Jos take. Amma takardar shaida ba ta gyara waya. Sai da wanda zai duba aikin ɗalibi ya ce masa nan ka yi daidai, nan ka ɓata.

Saboda haka, mai niyya ya kiyaye abu huɗu. Na farko, ya zaɓi ubangidan da ya taɓa yaye wani, ya je ya ga shagon wanda aka yaye ɗin da idonsa. Na biyu, a yanke wa'adi da kuɗin koyo a gaban shaidu, ko da Sarkin Hausawan unguwa ne, don kada ya shekara yana sharar shago da sayo abinci. Na uku, kada ya saki aikin da ke ciyar da gidansa gaba ɗaya. Ya raba yininsa biyu har hannunsa ya faɗa. Na huɗu, ya riƙe amana, domin wayar mutum tana ɗauke da hotunan iyalinsa da asirin ajiyarsa ta banki. Mai gyaran da ya leƙa sau ɗaya ya kashe kasuwarsa.

Kuma kada girman shekaru ya hana kowa. Ɗan shekara 40 ya durƙusa gaban ɗan 25 domin neman sani ba abin kunya ba ne. Gemu ba ya hana ilmi. Su kuma gwanaye da Allah ya buɗa wa, su tuna wani ne ya kama hannunsu, su ja na baya.

Allah ya ba kowa abin yi na halal, ya mai da matafiya gida lafiya. Amin.