AIKIN KAFE RAIRAYI: LADAN YAU DA ABINCIN GOBE
(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyarmu)



Maigari, liman, iyayenmu maza da mata, samari da ƴan mata, muna gaishe ku, muna gode maku da kuka bar ayyukanku kuka zo. Maganar da ta tara mu yau ita ce aikin kafe rairayi, da abin da za mu yi don ya zama sana'a mai ɗorewa ga ƴaƴanmu.

Kowa ya san halin da ƙasar Gure take ciki. Tun farin 1973 da na 1984 itace ya mutu da yawa, ƙasa ta tsiraita. Iskar hunturu tana kwasar rairayi daga tudu tana zubawa cikin kwari, inda dabinonmu da gorubarmu da rogonmu da kanwarmu suke. Kwarin da rairayi ya cinye ba ya dawowa. In ya tafi, masu shi su ma sai su tafi, wasu Najeriya, wasu Libiya, a bar tsofaffi da mata da gida.

Hukuma ta daɗe da ganin wannan. Tun 1975 ake dashen itace ranar 3 ga Agusta. A watan Mayu 1984, zamanin Seyni Kountché, an yi babban taro a Maraɗi, aka ɗauki alkawarin yaƙi da hamada. A 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin kula da filaye, wato Cofo. A 2004 aka yi sabuwar dokar gandun daji. A 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, daga Senegal har Jibuti, kuma yankinmu yana kan hanyarta. Daga 2010 furojen PLECO, tare da taimakon PNUD, ya yi aikin kare kwaruruka a Gure da Maine-Sorowa. Nijar kuma ta yi alkawarin farfaɗo da ekta miliyan 3.2 kafin 2030. Duk ektar da ke cikin wannan lissafi hannun talaka ne zai gyara ta, kuma a nan ne aikin yi yake.

Ga yadda aikin yake, ga waɗanda ba su taɓa yi ba. Da rani ana saro kalumbo ko kaba, a kafa shinge a gicciyen iska, a yanka tudu gida-gida kamar gurbin dara. Shinge yana karya ƙarfin iska, rairayi ya kwanta. A lokacin nan mata suna renon itace a pepiniyar: cika leda da ƙasa da taki, shuka iri, ban ruwa safe da yamma. In ruwa ya sauka, sai a dasa dakwara da kandili da aduwa cikin gidajen, a watsa irin ciyawa. Mai sara, mai amalanke, mai kafa shinge, mai reno, mai dashe, kowa ana biyansa, da kuɗi ko da cimaka. Kuma ladan yana zuwa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wannan alheri ne, ba mu raina shi ba.

Amma ƴan'uwa, zanen aro ba ya rufe katara. Furoje yana da ranar farawa, yana da ranar ƙarewa. Shingen kalumbo busasshen itace ne, ƴan shekaru kaɗan gara da iska sun gama da shi. In itacen da aka dasa bai kama ba kafin shinge ya faɗi, tudu zai sake tashi. Akuya guda tana iya cinye aikin mutum goma a yini ɗaya. Mai neman makamashi yana iya zare shinge da dare. Ta haka ake biyan mutane su gyara wuri guda sau biyu.

Wurin da aka tsare kuwa yana biyan mai shi. Ciyawa tana fitowa tun damina ta farko ko ta biyu, a yanke a sayar da bazara lokacin da take tsada. Irin ciyawa da na itace, furoje na gaba zai neme su da kuɗi. Dakwara tana fara ba da ƙaro bayan shekara 4 ko 5, kuma iyayenmu sun san da can ƙasar Manga ta ci kuɗin ƙaro. Mu dubi manoman Maraɗi da kudancin Damagaram: da sassaben zamani suka rayar da itace a wajen ekta miliyan 5, saboda kowa ya san itacen gonarsa nasa ne. A 2020 hukuma ta tabbatar masu da wannan haƙƙi a rubuce.

Saboda haka muna kawo shawara 5:

1. Kafin a kafa shinge ko ɗaya, a je Cofo a rubuta filin na wane ne, da wanda zai ci amfaninsa.
2. A naɗa masu gadi daga cikin samarinmu har shekara 3. Kowane ma'aikaci ya ajiye ɗan abu daga ladansa a asusun ƙungiya, kuɗin ciyawa ya cika sauran.
3. A zauna da ƴan'uwanmu makiyaya tun farko, a bar masu burtali da hanyar rijiya, a ba su rabo cikin gadi da ciyawa.
4. Masu saran kalumbo su bar gindi ya tofo, kada su aske wuri guda, don kada mu rufe tudu nan mu buɗe wani can.
5. Pepiniyar ta zauna hannun mata ko bayan furoje. Mu malaman lakwal za mu riƙe littafin lissafi tare da su, a karanta shi gaban kowa duk wata.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon maigari ya sa ranar zaɓen kwamiti kafin a fara sara, wanda yake da gyara kuma ya tashi ya faɗa yanzu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana kwarinmu, ya dawo da matafiyanmu lafiya. Amin.