Ma'anar Laƙabin Firayim Minista



Yaranmu da dama suna ɗaukar Firayim Minista da Shugaban Ƙasa abu ɗaya ne, alhali akwai bambanci. Asalin kalmomin daga harshen Latin yake: "minista" mai hidima, "firayim" kuwa na farko. Wato jagoran masu yi wa jama'a hidima. A tsarin majalisa irin na Ingila, wanda mafi yawan wakilai suka mara wa baya shi ake naɗawa, kuma ranar da suka janye amincewarsu, ko ya sauka ko a sake zaɓe.

Mu ma mun taɓa bin wannan tsari. Marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta, ya riƙe muƙamin daga 1957 zuwa juyin mulkin Janairun 1966. Daga nan ba a sake naɗa wani ba, domin tsarin mulkin 1979 salon Amurka ya ɗauko.

Saboda haka, duk wanda muka ɗora bisa kujerar ƙungiyar nan ya sani hadimi muka ɗauka, kuma masu ɗorawa su ne masu saukewa. Allah Ya ba mu shugabanni nagari, amin.