Haƙƙin Ɗan Haya a Wuyan Mai Gida: Batun Tukunyar Gas

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba mu wannan dama. Da yawa sun zaci batun makaranta za mu ɗauko, tunda a can muka ƙarar da ƙuruciyarmu. To amma abin da ya sami wata ɗiyarmu a daminar bara ya sa muka sake shawara.

Yarinya ce da ta bi ta hannunmu a firamare, aka kai ta aure birni, suna zaune a gidan haya mai ɗaki takwas, kowane ɗaki da iyalinsa. Gidan ba shi da madafi, domin mai gidan ya mai da shi ɗakin kwana ya sa ɗan haya na tara. Saboda haka kowace mace a ƙofar ɗakinta take girki, cikin wani siririn lungu da aka rufe samansa da kwano. Sau uku matan gidan suna kai wa wakilin mai gida kukan cewa warin gas ba ya barin lungun, sau uku yana cewa za a duba. Wata asuba ta fito ta ƙyasta ashana za ta ɗora ruwan shayi, ashe tiyon maƙwabciyarta ya kwana yana yoyo. Allah ya sa tana da sauran kwana, amma ta yi wata biyu a gadon asibiti, har yau kuma hannunta na dama bai gama miƙewa ba. Mai gidan ɗan garin nan ne, mutumin kirki, shi ya biya kuɗin magani ba tare da an roƙe shi ba. Da muka je yi masa jaje sai ya ce, "Malam, ai tukunyar ba tawa ba ce." Wannan magana tasa ita muke so mu auna a yau.

Sanin kowa ne girki ya sauya a biranenmu. Kananzir ya yi tsada, itace da gawayi ba su da wurin zama a ɗaki ɗaya, a shekarar 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta ayyana shekaru goma na bunƙasa amfani da gas, har zuwa 2030. Yau da wuya a shiga gidan haya ba a ga tukunya mai kilo 3 ko 6 ko 12.5 ba. Sai dai yawancin gidajen nan an gina su ne a zamanin risho da murhu, aka shigo da baƙo ba a gyara masa masauki ba.

Ya kamata mu san halin baƙon nan. Gas ɗin da ke cikin tukunya a matse yake, ruwa-ruwa, idan ya sami hanyar fita sai ya zama iska mai yawan da ya ninka na ruwan kusan sau 250. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi, ya kwanta a ƙarƙashin gado, ya gangara kwata da rariya. Tagar da ke can sama kusa da rufi ba ta fitar da shi. A asalinsa ba shi da wari sosai, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya yi mana gargaɗi. Idan ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsin makunnin lantarki kaɗai ya isa ya tayar da shi. Duk wanda ya fahimci wannan zai ga cewa rabin haɗarin yana jikin tukunya ne, rabin kuwa yana jikin ginin da aka ajiye ta.

Bari mu leƙa wata ƙasa mu ga yadda suka raba wannan nauyi. Ranar 16 ga watan Mayu, 1968, a gabashin birnin Landan, wata mata da ke hawa na 18 na wani bene mai hawa 22 da ake kira Ronan Point ta ƙyasta ashana da sassafe za ta dafa shayi. Gas ya fashe, kusurwar benen guda ta rufta tun daga sama har ƙasa, mutum huɗu suka mutu. Bincike ya gano cewa wani ɗan noti mara inganci da aka haɗa murhunta da shi ne ya tsage. Bayan wannan ne, a 1970, aka kafa rajistar masu aikin gas a ƙasar, wadda a 2009 aka maye gurbinta da rajistar Gas Safe da ake amfani da ita yanzu.

Dokar gas ta 1998 da ke aiki a Ingila ta ɗora wa mai gidan haya abubuwa a fili. Dole ne ya kula da bututun gas da murhu da na'urar ɗumama ruwa da mafitar hayaƙi da ya tanadar wa ɗan haya, su kasance cikin ƙoshin lafiya. Dole ne duk wata 12 ya kawo ma'aikaci mai rajista ya duba su. Dole ne ya ba ɗan hayan da ke ciki kwafin takardar binciken cikin kwana 28, sabon ɗan haya kuwa a ba shi kafin ya tare, shi kuma ya adana tasa takardar shekara biyu. Wanda ya ƙi, laifi ya aikata, ana iya cin sa tara ko a ɗaure shi. Abin lura a nan shi ne dokar ba ta ɗora masa murhun da ɗan haya ya saya da kuɗinsa ba, amma bututun da ke kawo wa murhun gas yana wuyansa. Wato kowa da nasa rabon, babu mai cewa ba ruwansa.

Ba mu kawo wannan don mu ce a kwafo dokar Turawa ba. Yawancin gas ɗinsu ta bututu yake zuwa daga kamfani, namu kuwa a kan babur ake kawo shi. Abin da muke so mu ɗauka shi ne ka'idar: wanda yake karɓar kuɗin haya amana ya karɓa, ita kuwa amana ba ta tsaya ga bango da rufi ba. Addininmu da tarbiyyar iyayenmu sun riga kowace doka faɗa mana haka. Mu ma da muke tsaye a nan muna da 'yan ɗakuna biyu da muka gina da kuɗin sallama, sai bayan wannan abu ya faru muka je muka duba inda 'yan hayarmu ke girki, kuma abin da muka gani bai faranta mana rai ba.

To mene ne rabon mai gida? Na farko, wurin girki. Kada kwaɗayin kuɗin ɗaki ɗaya ya sa a toshe madafi. A bar masa taga, a kuma buɗe masa kafar iska a ƙasa kusa da daɓe, tunda ta nan gas ke fita. Na biyu, wurin ajiye tukunya: a waje in da hali, cikin inuwa, a tsaye, nesa da kwata da janareta, ba a ɗakin kwana ba. Na uku, wayoyin lantarki. Makunnin da ya sassauta da wayar da aka ɗaure da leda a madafi aikin mai gida ne ya gyara. Na huɗu, hanyar fita. Gida mai iyali takwas da ƙofa ɗaya, kowace taga an yi mata waldar ƙarfe don tsoron ɓarayi, ranar gobara tarko ne. Na biyar, idan shi ya sa murhu ko bututu ko babbar tukunya a gidan, dubawa da gyara nasa ne. Na shida, idan aka kawo kukan warin gas, a je ranar, kada a ce sai ƙarshen wata. Mai gidan da ya wakilta wani ya sani cewa aikin ya ba wakili, alhakin yana nan a wuyansa.

Akwai kuma batun shagunan da muke fitarwa a gaban gida. Ranar 4 ga watan Janairu, 2020, wani shagon ɗura gas ya fashe a Sabon Tasha, Kaduna, mutane suka rasa rayukansu, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, wanda ya je shagon aski da ke kusa. Kafin mu ba mai ɗura gas hayar shago, mu tambayi takardar izininsa, mu kuma tuna da yaran da ke kwana a bayan bangon.

Ku kuma 'yan haya, kada ku ce yau Malam ya tsaya muku. Tukunya da kanta da tiyo naku ne. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, ta ƙayyade wa tukunya shekara 15, ana sake gwada ta duk shekara biyar, kuma shekarar da aka ƙera ta tana rubuce a jikinta. Wadda ta yi tsatsa ko ta lotse, a rabu da ita, kada a kai wa mai walda. Tiyon da ya bushe ya fara tsagewa a sake shi, araha ba ta ado. Kada a bari mai ɗurawa ya cika tukunya maƙil, domin gas yana bukatar wurin kumbura idan ya ji zafi. Ruwan sabulu ake shafa wa mahaɗa a ga ko zai yi kumfa, ba a gwada yoyo da ashana. Harshen wuta shuɗi ake so. Idan ya koma rawaya yana baƙanta tukunyar miya, murhun ba ya ƙone gas sosai, yana iya fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta ko gawayi a ɗaki. Idan kuma aka ji wari, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a kunna ko a kashe lantarki, a fitar da yara. Mai gida kuwa idan ya yi sallama ya ce zai duba madafi, a ba shi hanya.

Mai girma shugaba, muna roƙon taron nan ya amince da abu uku. Na ɗaya, kowane ɗan ƙungiya mai gidan haya ya ware rana guda a shekara, kafin shigowar hunturu, ya zaga gidansa da wanda ya san aikin gas, a rubuta abin da aka gani da abin da aka gyara, shi da ɗan haya kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Na biyu, kowane reshe ya gayyaci jami'an kashe gobara na jiharsa su zo su koya wa iyalanmu, musamman mata da 'yan mata, tunda su ne a gaban murhu. Na uku, idan saɓani ya taso tsakanin mai gida da ɗan haya 'yan garin nan a kan gyara, dattawan reshe su shiga tsakani tun kafin a kai ga asibiti. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙungiyar nan ta haƙa rijiyoyi, ta gyara azuzuwa, ta biya wa marayu kuɗin jarrabawa. Wannan aikin bai kai ɗayansu tsada ba. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, ga shi kuwa mun ga ya kama a cikin gidanmu. Muna sanar da ku cewa ɗan'uwan nan namu ya fitar da ɗan haya na tara, ya mayar da madafin, da yardarsa kuma muka ba da labarin nan.

Allah ya ba ɗiyarmu lafiya, ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, ya ba mu ikon riƙe amana, ya mai da kowa gidansa lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa namu ne, a yafe mana.