Rabon Masu Bashi a Cikin Zakka da Hukuncin Taflisi

  

Cikin jinsi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ware wa zakka, faƙiri da miskini kowa ya san su, kuma su ne ke cika jerin sunayen da kwamitoci ke kawo mana. Wanda bashi ya yi wa katutu kuwa da wuya sunansa ya shigo. Rigarsa wankakkiya ce, yana da shago ko 'yar gona, kuma kunya ba ta barinsa ya yi magana. Alamarsa ita ce ya sauya hanyar zuwa masallaci, ya daina ɗaukar waya, wata rana a ji ya tafi cirani babu sallama. Rufe kan iyaka a watan Agusta 2019, da sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, da cire tallafin mai a shekarar 2023, sun karya jarin mutane da dama da ke ci daga Kwangwalam da kasuwar Lahadi ta Mai'aduwa. Manomi ma da ya ci bashin taki don ya biya da kaka, damina ɗaya ta isa ta kayar da shi.

Abin da muke son jawo hankalinku gare shi shi ne, shari'a ba ta bar irin wannan mutum a hannun masu binsa su yi ta yagarsa ba. Malamanmu na Malikiyya sun buɗe masa babi guda, babin taflisi, yana nan cikin Muktasar na Shaihu Halil da ake karantawa a zaurukanmu. Asalinsa sananne ne. Muslim ya ruwaito labarin wani sahabi da ya yi asara a cinikin 'ya'yan itace, bashi ya yi masa yawa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa aka tara masa sadaka, ba ta isa ba, sai ya umarci masu bin bashin su karɓi abin da ya samu su tsaya nan. Imam Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa yadda Sayyidina Umar ya yi shelar raba dukiyar Usaifi'u na ƙabilar Juhaina tsakanin masu binsa, mutumin da yake sayen raƙuma da tsada don ya riga alhazai isowa har ya tsiyace.

Ga yadda hukuncin yake tafiya. Idan bashin da lokacinsa ya yi ya fi abin da mutum ya mallaka, masu bi suka kai ƙara, alƙali yana hana shi taɓa dukiyarsa. Bashin da ajalinsa bai zo ba ma ya zama na yanzu, don kada wani ya kwashe ya bar wani. A sayar da kayan a gabansa. Dabba a gaggauta, gida da gona a jinkirta kamar wata biyu don neman farashi mai kyau. Wanda ya tarar da ainihin hajarsa da ba a biya shi ba, shi ya fi cancanta da ita. Sauran a raba gwargwadon abin da kowa ke bi. Kuma a bar masa abincinsa da na iyalinsa da tufafinsu zuwa lokacin da ake zaton zai samu sauƙi. Da zarar rashinsa ya tabbata, ba a tsare shi, domin aya ta 280 ta Baƙara ta wajabta a saurara masa. Wanda ake tsarewa shi ne mai hali da ya ɓoye.

Akwai wuri ɗaya da wannan ya sha bamban da dokar gwamnati. Dokar tsiyacewa ta Nijeriya ta 1979, wadda Babbar Kotun Tarayya ke da hurumin ta, tana iya sauke wa mutum ragowar bashi bayan an raba kayansa. Amma mai shagon Zango ba zai iya kuɗin lauya da zirga-zirgar Katsina ba. A fiƙihu kuwa ragowar tana nan a wuyansa har ya samu ko a yafe masa. To, daidai wannan gurbi ne zakka ta zo ta cike.

Mu ɗauki misali. Ana bin mutum naira 900,000: ɗaya 450,000, ɗaya 300,000, ɗaya 150,000. Abin da ya mallaka bayan ci da sutura 300,000 ne. Idan muka miƙa masa zakkar 300,000 a hannu ba tare da zama ba, wanda ya fi ɗaga murya a ƙofar gidansa shi zai karɓe, sauran biyun su ci gaba da binsa, kuɗin jama'a sun tafi, mutumin yana nan inda yake. Idan kuwa aka tara su ukun, kowa ya karɓi sulusin haƙƙinsa daga kayan, aka roƙe su suka yafe rabin abin da ya rage don Allah, sai wannan 300,000 ɗin ta 'yanta shi gaba ɗaya, a rubuta, shaidu su sa hannu. Mai bin bashin ma ya fi samu a haka, don ya karɓi kashi biyu cikin uku na kuɗin da ya riga ya fid da rai da su.

Saboda haka muna roƙon kwamitoci, kafin ku turo mana sunan mai bashi, ku zauna da shi a asirce, a rubuta duk wanda ke binsa har da na adashi da jinginar gona, da duk abin da ya mallaka. A tabbata bashin ba na caca ko sharholiya ba ne, sai in ya tuba, kuma ba don ya samu zakka ya ciwo shi ba. Kuɗin ruwa ba ya shiga lissafi. Uwar kuɗi kaɗai za a biya. Kwamiti sulhu yake yi, ba shi da ikon ƙwace ko sayar da kayan kowa. Inda aka ƙi yarda, kotun shari'a ce mai wannan iko. Mamacin da ya bar bashi babu abin biya, a mazhabarmu ana iya biya masa daga zakka, don haka kada a manta da gidajen marayu.

Ku kuma attajiranmu, akwai tambayar da ake yawan kawo mana: ina bin talaka kuɗi, in yafe masa in lissafa cikin zakkata? A Malikiyya wannan bai isar ba. Yafewar sadaka ce mai lada, zakka kuwa sai an fitar da ita daban. Wanda yake son zakkarsa ko amfanin wakafinsa su tafi ga masu bashi, ya faɗa wa ma'ajinmu lokacin miƙawa, a rubuta a rasiɗinsa, domin mu ware su ga wannan jinsi kaɗai.