I'ina da tsoro: jawabi ga iyayen da suka sauka a Nima da Mamobi

 

Da yawanku kun lura cewa tun da kuka baro gida, i'inar ɗanku ta ƙaru. A ɗaki yana hira da ƙannensa lafiya lau, amma da ma'aikaci ya ɗaga alƙalami ya ce "yaya sunanka?" sai harshe ya sarƙe. Yau a kan wannan zan yi magana.

Da farko, i'ina ba aikin aljanu ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne. Takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma sau da yawa ana gadonta. Cikin yara 100, kusan 5 kan yi ta, yawancinsu kuma takan sake su. Cikin manya, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da ita. Jin Hausa, Tuwi da Turanci a unguwa ɗaya ba ya jawo ta.

Tsoro ba shi ne tushenta ba, amma shi ke hura mata wuta. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaro ya taɓa maƙalewa a kan sunansa gaban mai kaki, ko a makaranta aka yi masa dariya. Jikinsa ya riƙe wannan. Gobe da ya ga layin rajista, ko malam ya nuna shi, sai gaba ta faɗi, maƙogwaro ya ɗaure tun bai buɗe baki ba. Ya sake maƙalewa, tsoron ya ƙara ƙarfi. Daga nan sai ya fara gudun aike, ya ƙi gaya wa yaron mota inda zai sauka, ya yi shiru a aji alhali ya san amsa.

Abin da jiki ya koya, ana iya warware shi a hankali. Kada ku dake shi, kada ku ce "yi sauri" ko "nutsu." Kada ku ƙarasa masa magana. Ku dube shi, ku jira, ku ma ku rage saurin maganarku. Ku hana 'yan'uwansa kwaikwayonsa. Ku fara da aike mai sauƙi, kamar sayen koko wurin maƙwabciya da ya saba da ita, sannan kanti, sannan kasuwar Nima. Ranar ganawa da ma'aikata, ku faɗa musu tun farko cewa yana da i'ina, a ba shi lokaci, don kada a ɗauki jinkirinsa a matsayin ƙarya.

Idan ta wuce wata 6, ko yaron ya daina magana, ku kai shi asibitin Mamobi ku nemi a tura ku wurin masu gyaran magana a Korle Bu.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.