Tafiyar Ƙasa da Goyo a Baya: Jawabi ga Iyaye Mata da Maza

Abin da za mu tattauna yau kowa ya san shi, wato tafiyar ƙasa ta wuni ɗaya da jariri ko ɗan yaye.

A wannan yanki namu na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙauyuka da yawa suna nesa da titi. Ranar Alhamis a tafi kasuwar Maigatari, wata rana asibitin Gumel ko wurin rigakafi, ga biki, ga gaisuwar rasuwa, ga sujada a ƙauyen maƙwabta. Hanyar rairayi ce, inuwa kuma ba ta da yawa. Babba yakan jure, amma yaron da ke baya fa?

Jikin jariri ƙarami ne, ruwa yana saurin ƙarewa a cikinsa, ba shi kuma da bakin cewa yana jin ƙishi. A goye zafi biyu yake sha: na rana daga sama, da na bayan uwarsa. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a nan yakan wuce digiri 40. Shi ya sa muke roƙo mu kiyaye abubuwa biyar.

Na ɗaya, lokaci. Mu yi sammako tun da asuba. Idan rana ta take, daga wajen ƙarfe 11 zuwa la'asar, mu nemi inuwa mu zauna. Gawo yana da ganye da rani lokacin da wasu itatuwa suka kaɗe, ga tsamiya, ga darbejiya a bakin gari. A sauke yaron, a kwance masa kaya, ya sha iska. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, abin sha. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi ko da ana zafi, domin mafi yawan nono ruwa ne. A riƙa ba shi akai-akai, kada a jira sai ya yi kuka. Uwa ce za ta sha ruwa sosai. Wanda ya wuce wata 6, a ɗauko masa ruwa mai tsabta daga gida, da kunu a mazubi mai murfi. Ruwan kududdufi da na tafkin da dabbobi ke sha, nan gudawa take. Mu sa ƙunshin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na asibiti, cikin jaka. Ana zuba ƙunshin a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, abin da ya wuce awa 24 kuma a zubar.

Na uku, yadda ake goyo. Majanyi ya riƙe wuyan jariri, amma hancinsa da bakinsa su kasance a buɗe. Lulluɓe shi da tawul mai kauri don gudun rana yana ƙara masa zafi ne. Hula marar nauyi da lema sun fi. Uwa ba ta ganin bayanta, saboda haka abokin tafiya ya riƙa leƙa fuskar yaron. Da hunturu kuwa, a sa masa rigar sanyi, a bari hantsi ya ɗaga kafin a fita.

Na huɗu, ɗan yaye. Yana son ya taka da ƙafarsa, mu bar shi ya ɗan taka da sanyin safiya. Amma a sa masa takalmi saboda rairayi mai zafi, ƙaya da ƙarangiya, da damina kuma kada ya shiga ciyawa saboda maciji.

A nan muna da magana da ku iyaye maza. Sau nawa muke ganin mace da goyo a baya, kaya a ka, tana jan wani yaron da hannu, maigida yana gaba da sanda kaɗai? Baba, ɗauki ɗan yayen a kafaɗa, ko ka karɓi kayan. In akwai amalanke mai zuwa kasuwa ko kuɗin babur, a ba mai goyo. Wannan ba ya rage girman namiji.

Na biyar, alamun haɗari. Idan maɗiga ta faɗa, idanu suka zurma, yaro yana kuka ba hawaye, fitsari ya ɗauke, ko ya ƙi kama nono, ruwan jikinsa ne ya ƙare. A kai shi inuwa, a ci gaba da ba shi nono da ORS, a nufi asibiti mafi kusa. Idan kuwa zazzaɓi ne mai zafi tare da sandarewar wuya, kumburin maɗiga ko jijjiga, mu tuna da sanƙarau, ciwon rani. Jigawa tana cikin jihohin da ya taɓa a 2024, shekarar da Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i 5 na cutar. Wannan ba ciwon jiƙe-jiƙe ba ne, kada a kwana da shi a gida. Katin rigakafin yaro ya kasance cikin jaka kullum, domin ma'aikacin lafiya ya ga abin da aka yi masa.

A ƙarshe, muna roƙon shugabannin zumuntar mata su riƙa haɗa masu goyo su tafi tare ranar kasuwa da ranar awo, kada mace ta kama doguwar hanya ita kaɗai. Wanda ya ji wannan magana ya kai wa maƙwabcinsa, Kirista ko Musulmi, domin rana ɗaya ce take dukan 'ya'yanmu.

Allah ya raya mana su, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya.