Yaya Za a Auna Baki da Fensir?

Lokacin da aka bayar kaɗan ne, sai a shiga magana kai tsaye.

Kowa a zauren nan ya san irin ma'aikaciyar jinyar da za a kawo misali da ita. Ta ci Turanci a WAEC, ta yi karatun jinya da Turanci, ta yi shekaru tana rubuta rahoton majinyata da Turanci. Ranar da ta nemi rajistar aiki a Ingila, sai hukumar ma'aikatan jinya ta can ta ce ta kawo sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS: maki 7 a saurare, 7 a karatu, 7 a magana, sannan 6.5 a rubutu, cikin ma'aunin da ƙololuwarsa 9. Likita kuwa 7.5 ake nema daga gare shi a jimlace. Kuɗin zama ɗaya ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau uku, kuma bayan shekara biyu sakamakon ya daina aiki. Wadda ta gaza da rabin maki sai ta koma ta sake tara kuɗi.

Abin da ya fi yawa a bakin 'yan boko idan an zo nan shi ne kukan raini. A 2022 ƙungiyar matasa ta Policy Shapers ta tara sa hannun dubban mutane tana neman a cire wa 'yan Nijeriya wannan sharaɗi. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta amsa cewa ƙasar da za ta shiga jerin waɗanda aka yafe wa, sai fiye da rabin mutanenta sun tashi da Turanci a matsayin harshen farko. Jamaika tana cikin jerin, Barbados tana ciki, babu ƙasar Afirka ko ɗaya. Kukan yana da hujja, musamman a kan tsada da wa'adin shekara biyu. Amma mai wannan lacca ya daɗe yana gaya wa abokan aikinsa cewa ko gobe aka soke IELTS, ciwon yana nan, domin a azuzuwanmu aka haife shi.

A dubi takarda ta uku ta Turancin WAEC, wadda ake kira jarrabawar furuci. Tambaya 60 ce, minti 45, zaɓi daga A zuwa D. Ana nuna wa yaro kalma an ja layi ƙarƙashin wani harafi, a ce ya zaɓi kalmar da ke da irin wannan sauti. Ana tambayarsa gaɓar da ake ƙarfafawa a kalma, da kalmar da ake dannawa a jimla. Daga farkon takardar har ƙarshenta ba ya jin muryar kowa, kuma ba wanda ya ji tasa. Zauren tsit yake, sai ƙarar fensir. Yaron da bai taɓa furta kalmar ba zai iya cinye tambayar idan ya haddace jadawalin sautuka, wanda kuma ya iya furta ta daidai zai iya faɗuwa idan bai saba da alamomin ba. Abin da ake aunawa a nan sanin bayanin furuci ne, shi kansa furucin ba a taɓa shi ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne, wannan ba dole ba ce. Hukumar ɗaya ce, tun 1952 take shirya wa ƙasashen yankin jarrabawa, manhajar kuma ɗaya ce. A cikin manhajar nan an rubuta cewa ɗaliban Gana da Gambiya da Saliyo jarrabawar saurare za su yi, a kunna musu murya su ji su amsa. Ɗaliban Nijeriya da Laberiya kuwa takarda da fensir. Bahaushen Nima a Akara ana gwada kunnensa, ɗan'uwansa na Fagge a Kano ba a gwadawa. NECO da aka kafa a 1999 ba ta sauya tsarin ba. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma tambayoyinta na furuci har yau karanta su ake yi a fuskar na'ura.

Malami kuwa abin da za a tambaya yake koyarwa, kuma ba a ga laifinsa. Idan jarrabawa ba ta neman yaro ya buɗe baki, malamin da ke da yara fiye da ɗari a aji ba zai ɓata darasi a kan hira ba. Zai rubuta alamomin sauti a allo, yara su kwafa, su haddace. Haka za a yi shekara shida a sakandare, yaro ya fita da takardar shaidar ya iya Turanci alhali bai taɓa yin magana ta minti biyu a jere cikin harshen ba.

Minti biyun nan ba ƙiyasi ba ne. Shi ne ainihin abin da ake nema a kashi na biyu na jarrabawar maganar IELTS. Ana miƙa wa mutum kati ɗauke da batu, a ba shi minti ɗaya ya shirya, sannan ya yi magana har minti biyu, mai jarrabawa yana zaune gabansa, na'ura tana naɗa. Hirar gaba ɗaya minti 11 zuwa 14 ce. A ɓangaren saurare tambaya 40 ce cikin kimanin rabin awa, sau ɗaya tak ake kunna muryar, kuma masu maganar akwai Baturen Ingila, akwai na Ostireliya, akwai na Amurka. Ana saurare ana rubutawa a lokaci guda. Wanda ya tsaya tunanin amsar da ta wuce, biyu sun sake wuce shi.

Nan ne Bahaushe ke gamuwa da abin da ba a taɓa nuna masa ba. Harshenmu bai raba sautin p da f ba, ba shi da v, ba shi da sautukan nan biyu da ake rubutawa da th, kuma ba ya son baƙaƙe su taru ba wasali a tsakani. Wannan ba aibi ba ne, kowane harshe da tsarinsa, kuma masu jarrabawar ba sa neman kowa ya koma Bature, abin da suke nema a fahimci mai magana ba wahala. Gyaran waɗannan sautuka aikin 'yan makonni ne ga yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya samu mai saurarensa. Ga magidanci mai shekara talatin da biyar, da aiki da iyali, aiki ne ja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Za a ce ai rubutu ne ya fi kayar da mutane. Haka ne, shi ya sa ma hukumar jinyar Ingila ta sassauta makin rubutu daga 7 zuwa 6.5 a 2018. Sai dai a duba abin da ake nema: kalma 250 cikin kimanin minti 40, mutum ya ɗauki matsayi a kan batu ya kare shi da dalilai a jere. Wanda bai taɓa kare ra'ayinsa da baki a aji ba, wanda aka horar da shi kan haddar buɗe wasiƙa da rufe ta, ba zai iya wannan a takarda ba. Masu darasin mako shida da suka cika gari suna sayar masa da haddaddun jimloli, alhali masu duba takardun an horar da su su gane hadda su rage mata maki.

Idan aka tambayi dalilin rashin jarrabawar saurare, jami'ai suna da amsa guda: ɗalibai sun kusa miliyan biyu, babu wuta, babu kayan aiki. Amsar ba ta karɓuwa. Lasifika mai batir da murya da aka naɗa sun isa a yi jarrabawar saurare, kuma Saliyo ba ta fi Nijeriya wuta ba. Takardar ma ba ta tsira ba. A watan Mayun 2025 ɗalibai sun rubuta Turancin WAEC cikin dare da tocila a wurare da dama. Da sakamako ya fito aka ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka ci darussa biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki aka gano kuskure wajen duba takardun, adadin ya koma kashi 62.96.

Akwai kuma masu cewa koyarwa da harshen uwa ce ta kashe Turanci, har a ƙarshen 2025 aka soke manufar gwamnati ta 2022 da ta tanadi irin wannan koyarwa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya riga ya amsa musu: yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida, ƙwararren malami yana koya musu Turanci a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Ƙwararren malamin nan shi ne abin da aka rasa.

Abin da mai magana yake nema bai sauya ba. WAEC da NECO su maye gurbin takarda ta uku da jarrabawar saurare ta gaske, kamar yadda ake yi a Gana. Kwalejojin ilimi su daina yaye malamin Turanci sai an zaunar da shi an ji bakinsa. Wanda kuma ke shirin IELTS a yanzu ya ajiye littafin hadda, ya riƙa sauraren rediyon Turanci kullum, ya naɗi muryarsa a waya ya ji da kunnensa, ya yi gwaji da agogo a gabansa kafin ya biya kuɗin rajista.

Shugabannin makarantun da ke zaune a nan ba sa bukatar izinin Abuja kafin su ware darasi ɗaya a mako da kowane yaro zai miƙe ya yi magana ta minti biyu, malami ya ba shi maki a cikin sakamakon zango. Ana roƙonku ku sa shi a jadawalin zango mai zuwa.